Baƙuwa Ce Ni a Garin da Aka Binne Cibiyata?

Zuwa ga Maigirma shugaban ofishin da ke ba baƙi izinin zama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Sunana Hajiya Ramatu, ungozoma a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Na rubuto a fili ne saboda abin da aka yi mini a ofishinka a fili aka yi shi, mutane cike da benci suna kallo.

Ɗana Bashiru ya auri Hadiza, tela ce 'yar Damagaram. Da ta tare a Kumasi na ce mata gidanmu ba a zaman ɓoye, mu je a yi mata takarda.

Na farko, ban ga laifin sharuɗɗanku ba. An ce fasfo, ta kawo. Takardar aure, ta kawo. Ta likita da ta 'yan sanda, sau uku muna hawa trotro, motar hayar nan, kafin su fito, ba mu yi ƙorafi ba. Ƙasa mai mutunci dole ta san wanda ya shigo mata. Ko ni ba na barin wanda ban sani ba ya leƙa ɗakin mai jego.

Na biyu, ya rage ɗan ƙasa da zai tsaya mata. Ranar Talata na miƙa katina na 'yar Gana. Jami'in ya karanta sunan, ya dubi mayafina, ya turo mini katin da bakin biro. Ya ce da Turanci wai baƙuwa ba ta tsaya wa baƙuwa, sai na kawo takardar haihuwar kakana. Na amsa masa da Twi, yaren Asantawa, irin wanda ko kakarsa ba za ta yi mini gyara ba. Na ce kakana da ƙafa ya shigo garin nan cikin ayarin fataken goro, tun ba a san takardar haihuwa ba. Ubana a Zango aka haife shi, a maƙabartar Tafo yake kwance. Ni kuwa hannuwan nan sun karɓi 'ya'yan Hausawa da na Asantawa da na Moshi, ban taɓa tambayar mai naƙuda daga ina kakanta ya fito ba. Sai jami'in ya kira wanda ke bayana a layi.

Na uku shi ne ya fi ci mini rai. Muna fita wata jami'a ta biyo mu, ta rusuna ta gaishe ni, ashe ni na karɓi haihuwar tagwayenta. Ta ce in ba ta takardun, ita za ta san yadda za ta yi. Allah ya saka mata, amma na ƙi. Abin da yake haƙƙina ba na karɓarsa ta taga. Mace 'yar unguwar Moshi Zango da ba ta san kowa a ofishinka ba, wa zai biyo ta?

Maigirma, kwanakin da aka buga wa Hadiza a fasfo sun kusa cika. Yarinyar da ke cika tsakar gida da ƙarar keken ɗinki yanzu ta ajiye ɗinkin, ko ɗan sanda mai ba da hannu ta hango sai ta canza hanya. Ba ta yi laifin komai ba.

Roƙona: a rubuta sharuɗɗan duka a manna a bango, kowa ya karanta, kada su ƙaru idan an ga suna. Jami'in nan kuma ban ce a kore shi ba, yana da iyali. A zaunar da shi a faɗa masa 'yan Zango 'yan ƙasa ne.

Ranar Litinin zan dawo da Hadiza, in bi layi kamar kowa, da katin nan shi kaɗai. Ba zan ƙara ko fallen takarda ɗaya ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Hajiya Ramatu ungozoma,
Aboabo, Kumasi.