Moɗar da Na Ba Matar Bariki

Zuwa ga Iya, uwar maigidana, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci suruka ga uwar mijinta, ina sanar da ke mu nan Zango muna lafiya. Jikarki ta sauka, namiji, an yi suna lafiya. Jiya na zauna ina kallon ta tana ba shi nono, sai ga hawaye. Mata suka ɗauka na murna ne, ni kuwa ke na tuna.

Kin tuna shekarar da ɗanki ya bi ayari zuwa Kano da fatu, ya bar ni da goyo? Lokacin Nasara ba su daɗe da kafa bariki a Damagaram ba, matan sojoji suna gangarowa Zango neman kitso. Kin san hannuna, ba yabon kai ba. Wata doguwa mai fara'a ta zo, ta zauna a tabarmata, na yi mata kitso. Ƙishi ya kama ta, na ɗebo mata ruwa a moɗata, ta sha ta rage, na shanye sauran. Tana fita maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman darni, ta ce ai matar nan tunjere gare ta, ciwon nan da ake ɗauka wurin kwanciya, har lokotoron Nasara, wato likitansu, ya taɓa tsare ta. Ta faɗi abinta ta koma dakanta, ta bar ni riƙe da moɗa.

Ba a jima ba ƙuraje suka fito mini. Tsakanin yatsu tukuna, sai wuyan hannu, sai suka gangara inda ba a faɗa. Iya, na ga tashin hankali. Mace mijinta ba ya gari, a ce tana da tunjere, wa zai tsaya jin zancen moɗa? Na san bakin Zango, ni ma da ni ake yi. Na ga kaina an ɗaure mini kaya an mai da ni gidan ubana da sunan da ko ruwan tafki ba ya wankewa.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa ƴar nan da nake goyo ce. Na ce in ciwon yana jikina, to yana cikin nonona. Sai na janye ta. In ta yi kuka in ɗura mata kunu da madarar akuya, in miƙa wa wani, in kau da kai. Kuma ga abin takaici: ƴar fari ce, kowa ya san uwa ba ta rawar jiki da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane. Sai mata suka yi ta yabona, wai ba su taɓa ganin yarinya mai kunya irina ba. Ana yabo, yarinya tana ramewa, ni ina shan sassaƙe a ɓoye, na ware ƙwaryata da ludayina.

Ke ce ba ki yaba ba. Kin ga wuyan jaririya ya yi tsawo, kin ga gaban zanena kullum a jiƙe da nono. Ran nan da hantsi kika aiki kowa, wannan kasuwa, wancan rijiya, kika ɗaga labule kika shigo ɗakina. Ɗakin da tun ranar da aka kawo ni ba ki taɓa taka ƙofarsa ba. Na durƙusa. Kika ce kunya daban, yunwa daban, in faɗa miki abin da ke tsakanina da jikarki.

Na faɗa miki duka ina kuka, kaina a ƙasa. Ina jiran tambaya ɗaya, wato da wa. Wallahi Iya, da kin yi ta, da ban ƙara haɗa ido da ke ba har abada, ko da na fita da gaskiyata. Ba ki yi ba. Hannuwana kika kama, kika ja ni bakin ƙofa wurin haske, kika buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji kin tuntsire da dariya. Kika miƙo naki hannuwan, ga ƙuraje nan tsakanin yatsunki, sak irin nawa. Kika ce: "To ni ma sai ki faɗa mini wane soja na bi."

Ƙazwa ce. Baƙinmu na Gaffati da suka zo bayan girbi suka kwana a tabarminmu, su suka bar mana tsaraba. Rabin gidan susa yake yi, kowa yana ɓoye tasa. Kika ɗauko yarinya da kanki kika ɗora mini a cinya, kika tsaya a kaina har ta kama. Yadda ta kama nonon nan, har yau in na tuna sai ƙirjina ya amsa.

Amma kin san ni da kafiya. Kwana biyu zuciyata ta sake tashi, na ce ta yiwu taki ƙazwa ce, tawa tunjere. Ba ki yi faɗa ba. Kika yafa mayafi kika ce ke za ki wurin lokotoro a duba miki hannu, in raka ki. Ke da ko inuwar bariki ba ki so! Kika shige gaba ina biye, duk wanda ya tambaya ki ce tsohuwa ce ba lafiya. Lokotoro ya duba ki, ya duba ni, tafinta ya ce ƙazwa ce, kuma wancan ciwon ba haka yake kama mutum ba. Ya ba mu wani man shafawa mai warin farar wuta, ya ce a tafasa tufafi a shanya tabarmi. Muna dawowa kina mita, wai tafiyar banza, farar wuta da man shanu ai tun kakanninki aka san su. Na san ba don hannunki kika taka ba.

Da ɗanki ya dawo, bai ko sauke kaya ba ya tambayi warin me gidan yake yi. Ina bayan rumbu ina saurare. Kika ce: "Ƙazwa muka yi, ni da ɗiyata." Iyakar abin da ya ji ke nan, har kika koma ga Allah. Ni kuwa ranar na fara jin kin kira ni ɗiya.

Ban taɓa yi miki godiya ba, Iya. Kunya ta hana ni, ita dai kunyar nan da ta kusa kashe mini yarinya. Yau da furfura a kaina na ajiye ta: na gode, uwata.

Allah ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa mini. Ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara. Amin.

Ni ce ɗiyarki, mai kitson Zango.