Mun Ga Abba a Talabijin

Daren Talata, Nuwamba 2022

Kullum sai na yi wa Abban Hanifa mita kan kuɗin tashar ƙwallon nan mai hoto garau. Asara ce, tunda shi da ya biya ba ya kallo. Yana filin wasa da tawagar likitoci, sai yara sun yi barci yake dawowa.

Yau wani ɗan wasa ya faɗi, masu agaji suka shigo a guje. Hanifa ta daka tsalle: "Umma, ga Abba!" Shi ne kuwa, har furfurar gemunsa na gani. Ta manna tafinta a gilashin talabijin ɗin.

Ban goge shatin hannun ba. Gobe zan ce ya sabunta biyan kuɗin tashar, amma wallahi ba zan ce ya fi ni gaskiya ba.