Na Sami Dangin Saje Holo

Old Airport, Doha

Zuwa ga Gwaggona Shetu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da dukan mutanen gida. Bilkisu ta gaya mini ciwon gwiwarki ya lafa, har kin je sunan jaririn Haulat da ƙafarki. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana yaron. Ni ma lafiyata ƙalau, aikin tuƙi yana tafiya, sai dai zafin garin nan da ba a sabo da shi.

Gwaggo, albishirinki. Na sami dangin Saje Holo, sojan nan Bature da ya goyo mahaifinki, Kaka Mijinyawa, a yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kin sha gaya mana Kaka ya rasu yana baƙin cikin bai gode wa iyayen yaron ba, kuma ke ya bar wa nauyin. To akwai wani injiniya ɗan Ingila da nake kaiwa aiki Lusail. Wata rana cunkoso ya tsare mu, hira ta kawo hira, na ba shi labarin. Ya tambayi shekara da rundunar Kaka, ya ce a ƙasarsu sunan wanda ya mutu a yaƙi ba ya ɓata. Ya yi ta bincike har ya gano. Ashe sunansa Dennis Holroyd, bakin sojojinmu ne ya mai da shi Holo. Kuma ƙanwarsa Maureen tana nan da rai, ta doshi casa'in. Mai nema yana tare da samu.

Ranar Juma'a da la'asar muka zauna bakin teku a Corniche, injiniyan ya kira ta a waya muna ganin juna. Tsohuwa ce ƴar ƙarama, kai fari fat, amma hankalinta garau. Ta ce mahaifinsu mai gasa burodi ne, Dennis ke rarrabawa gida-gida a keke, in ya gama ya ɗora ta a gaba ya kai ta makaranta. Tattabaru yake kiwo, kowace da sunanta, kuma ranar da zai tafi ita ya damƙa wa su, ya ce kada ta bari su rame kafin ya dawo. Shekararsa ashirin da biyu sa'ad da aka aiko musu cewa ya mutu a fagen fama. Iyakar abin da aka faɗa musu ke nan. Ta ce mahaifiyarsu har ta koma ga Mahaliccinta tambayarta ɗaya ce, ko ɗanta shi kaɗai ya mutu a daji ba kowa kusa da shi.

Nan na ba ta labari yadda na ji daga bakinki. Na ce harsashi ya sami Kaka a cinya ana ja da baya, aka wuce aka bar shi cikin taɓo, Saje ya koma shi kaɗai ya goyo shi. Suna gab da isa wurin ƴan'uwa aka harbe shi a kwiɓi, bai sauke Kaka ba sai da ya kai shi hannun masu magani. Aka kwantar da su gefe da gefe, Kaka ya riƙe hannunsa yana yi masa sannu da Hausa, shi kuwa yana amsawa da ƴar Hausar da ya koya, har ya cika. Na ce mata bai mutu shi kaɗai ba. Gwaggo, matar nan ta rufe fuska ta daɗe tana kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Na yi mata godiya da sunanki da na Kaka da namu duka, ita kuwa ta ce ita ce da godiya.

Da ta natsu ta tambayi ko Kaka ya bar baya. Na fara lissafa mata ƴaƴa da jikoki da tattaɓa-kunne har na rasa inda na kwana. Ta yi dariya cikin hawaye, ta ce kullum abin da ke ci mata rai shi ne yayanta ya tafi bai yi aure ba, bai bar kowa ba, ashe gida guda ya bari a Malumfashi ba su sani ba. Roƙonta ɗaya, tana son ganin fuskokinmu. Don Allah ki sa Zulkiflu ya tara kowa a ƙofar gidan Kaka a ɗauki hoto, ke a tsakiya. Kada a jira Salla, Gwaggo, kin san shekarunta.

Ki gaishe mini da Kawu Bello da iyalinsa, da Bilkisu, da Haulat mai jego, da Fausatu da yara. A ci gaba da sa ni a addu'a. Nauyin da Kaka ya ɗora miki ya sauka, ki kwantar da hankalinki.

Ni ne ɗanki mai kewarki,
Garzali