Hoton Inna a Wayarka

Yaya Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya Goggo da yara? Ni lafiya lau a Jidda, aikatau ne dai, ko kukan ma a banɗaki nake yi.

Ina cikin wanke-wanke na duba waya, sai ga hoton Inna ka ɗora, wai "Na rasa gatana." A nan na ji mutuwar uwata. Kira ɗaya ya gagare ka. Sannu, mai gata! Tana jinya a Ɗanzomo, kana Gumel, Goggo ta ce ko leƙe ba ka je ba.

Allah ya jiƙan Inna. Ka sauke hoton nan. Ni na ɗauke ta ranar da zan taho. Kai ko hotonta ba ka da shi.

Ƙanwarka,
Lauratu