Littafin Ummu Ƙusay Yana Kulle, Rimas Tana Jira

Kai mai karanta wannan, ka taɓa riƙe jaririn da bai kai nauyin kilo ɗaya ba? Idan ba ka taɓa ba, tsaya ka ji wadda muka rasa.

Cikin alhini da zuciya a karye, Ƙungiyar Iyayen Bakwaini ta garin Zarƙa take sanar da rasuwar uwarmu, shugabarmu, tsohuwar babbar jami'ar jinya, Hajja Intisar Dabbas, wadda duk gari ya sani da Ummu Ƙusay, ranar Lahadi bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da huɗu.

Shekara ashirin da biyu marigayiya ta yi tana nemo wa bakwaini nonon uwa idan na mahaifiyarsu ya ƙi zuwa. Ni ban yi jami'a ba, amma abin da na karanta ya dace da abin da ta koya mana: hanjin bakwaini ba ya jure madarar gwangwani, sai nono, a ƙara masa garin ƙarfi, likita ya bi da ɗigon ƙwayoyin nan masu gyara hanji. Ta kuma san mutanenta. Ta san babu uban da zai yarda 'yarsa ta sha nonon da bai san mai shi ba, don kada gobe ta auri ɗan'uwanta na shayarwa. Saboda haka sai ta haɗa iyalai biyu, na jaririn da na mai ba da nonon, a sha gahawa, a ga juna, ta rubuta sunaye da lamba a littafinta mai koren bango, kwalbar nonon kuma lambar kawai take ɗauka. Ta sha dura wa mata masu shayarwa ruwan hulba tana cewa, "Shanye, 'yata, ba don ke nake yi ba, don wancan ɗan tsakon ne." 'Yata Tala tana cikin 'yan tsakinta, yau tana aji uku.

Muna miƙa ta'aziyya ga mijinta, Hajji Abu Ƙusay, da 'ya'yanta, da ɗaruruwan yaran da ta zame wa uwa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi.

Amma ba za mu sha gahawar makoki mu yi shiru ba. Tun ranar Lahadi hukumar asibitin da marigayiya take yi wa hidima ta kulle kabad ɗinta da littafin a ciki, wai sai kwamiti ya zauna. Kwamiti! Ga nono cike da firij, lambobi a jiki, sunayen kuma suna bayan kwaɗo. Rimas, 'yar Mu'ayyad mai aikin tayil, giram ɗari tara ce, mahaifiyarta na kwance babu ko ɗigon nono. Ubanta ya tsaya a ƙofar ɗakin jarirai yana kuka, yana cewa, "Ku gaya mini sunan matar da ta ba da nonon kawai, wallahi da hannuna zan ba 'yata." An mayar da yarinyar kan gwangwani, jiya cikinta ya fara kumburi.

Mai girma daraktan asibiti, mun ga furannin da ka aiko, mun gode. Gobe ne kwana na uku da rasuwarta, za mu zauna a zauren dangin Dabbas har la'asar. Ka zo da mabuɗin. Idan ba za ka kawo ba, ka tsaya gaban Mu'ayyad da jama'a ka faɗa da bakinka: ranar yaushe kwamitinka zai zauna, kuma wa ya ce maka Rimas za ta kai ranar?

Sa hannu:
Laith Ma'aita
Kakakin Ƙungiyar Iyayen Bakwaini ta Zarƙa