Hular Gudun da Sale Ya Ara

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya jikin Inna, yaya iyali, yaya zafin Garwa?

Ka san da keken ɗinki ɗaya na shigo unguwar Birikiteri, ba wanda ya ba ni ko zare. Yau kekuna huɗu ne a shagona, ga gidan kaina.

Likita ya ce in riƙa gudu saboda hawan jini, daga sallar asuba nake wucewa. Hulata zanna-bukar ta sha gumi, sau biyu tana faɗawa kwata. Hana-sallah kuwa ba ta barin goshi ya taɓa ƙasa. Sai na ɗinka tawa: yadi mara nauyi, raga a sama don iska, roba a ƙeya, da baki mai laushi da ke naɗewa lokacin sujada.

Sai ga Sale, telan da shagonsa ke kallon nawa, mutumin da ko taksi ba ya bi da sauri, wai, "Maigida, ara mini in gwada, ni ma zan fara gudun." Kwana biyu ta yi wurinsa. Ta dawo ba warin gumi, amma an farke ɗinkin ƙeya an mayar da zaren da ba nawa ba. Jiya kuma na gan shi a kasuwa yana taya raga.

Na ba direba irin hular guda ya kawo maka. A gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Kai kuma ka buɗe littafin da Baba ke rubuta haihuwarmu, ka sa ranar da ta iso, ka rubuta: Ɗanlami ne ya fara ɗinka ta.

Ƙaninka,
Ɗanlami