Wadda Ta Dafa Ta Fara Ci

Unguwar Faisal, Alƙahira.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gargaɗinka tun farko, kada ka ɗauki waya ka yi mini faɗa sai ka karanta takardar nan har ƙarshe. Bayan haka, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya. Yaya ƙafar tata? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in cire Humaira daga aikin gidan abincin nan, wai 'yar malami ba ta zama kuku. Ni ma ra'ayina ke nan, ka san ba na son yarinya ta saba da titi. Ranar Talata na shiga mota na tafi da niyyar in taso ta a gaba mu dawo.

Mai wurin, Awadiyya, Bahaushiyar Sudan ce, za ta yi sa'ar Yaya Rukayya. Ban taɓa ganin kicin irin nata ba. Kowace mace kanta a ɗaure, farce a yanke, wuƙar nama daban, ta kayan miya daban. Babu gulma, babu latsa waya. 'Yarka da nake fama da ita kan wanke-wanke, na gan ta tana yanka albasa da sauri har na ji wa yatsunta tsoro.

Amma ba wannan ne ya sanyaya mini jiki ba. Ana gab da buɗewa, maza sun cika ƙofa, har da ɗaliban unguwar Darrasa, sai Awadiyya ta sa aka rage wuta, aka shimfiɗa tabarma. Ma'aikatan duka suka zauna suka ci abinci da zafinsa, kowacce da namanta. Na tuna mata mutane na jira. Ta ce su jira, mai yunwa ba ta gane ko gishiri ya ji, kuma a kicin ɗinta wadda ta dafa ba ta cin ƙanzo. Sannan ta miƙo mini faranti.

Malam, tun zuwanmu Masar, duk Juma'ar da ka tara ɗalibai, ni da yarinyar nan a tsaye muke kankare tukunya mu ci ƙanzo. Ban taɓa ƙorafi ba, yau ma ba shi nake yi ba.

Humaira za ta ci gaba da aikinta, da sharaɗin magariba ta yi mata a gida. Ka gai da Hajiya da su Jibrin. In ka dawo za ka tarar da doka a gidan nan: wadda ta dafa ita za ta fara zubawa, ta zauna ta ci, sannan a kai wa baƙi.

Matarka,
Murja.